Rumbun da Ban Buɗe Ba

Litinin, bayan la'asar. Ƙarshen rani, 1974.

Takardar nan ta rage mini tun lokacin da aka koya mana boko a makarantar manya, don mu iya duba sikelin masu sayen gyaɗa. Gyaɗar ta tafi, bokon ya zauna. To bari in sa shi aiki, tunda akwai maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa a duk Madarumfa.

Yau kamyo, babbar motar kaya, ya shigo gari da buhunan jar dawa da garin madara. Na mutanen mishan ne, Kiristoci. Su biyu suka sauko: Malam Haruna, Bahaushe kamar mu, sai dai addininsa daban, da wata Baturiya mai aikin jinya da kowa ke ce wa Malama. Aka jibge kayan ƙarƙashin rumfar zana a ƙofar gidan mai gari.

Mai gari ya tara dattawa, Malam Haruna ya faɗi tsarinsu. Gidan da rumbunsa ke da saura ba za a ba shi ba. Gidan da ba komai, mace ta zo da ƙwarya Laraba da Asabar a auna mata gwargwadon bakunan da take ciyarwa. Yaron da yunwa ta kayar a kai shi tabarmar Malama. Sannan ya ce yana son mutum guda ya riƙe tiyar awo, mutumin da ba shi da bukata, don kada zuciyarsa ta ja hannunsa.

Duk suka juyo suka dube ni.

Ni ne Ɗan Baba, Sarkin Noma. Ba sarautar gado ba ce. Shekarar da na noma dami dubu na tara gari aka yi kiɗa, na rabar da hatsin har ga baƙon da ya biyo hanya, aka sa mini sunan. Tun ranar ni ke bayarwa, ba a taɓa ganin tafin hannuna a shimfiɗe ba. Babban rumbuna na ƙasa yana bayan gida, duk mai zuwa tabki yana ganinsa, bakinsa a liƙe da laka. Al'adarmu ce ba a fasa shi sai ruwan shuka ya sauka, a ci a yi noma, a ba maƙwabta iri.

Na karɓi tiya. Ba wanda ya tambaye ni komai game da rumbun.

Talata, magariba.

Tafasa da dussa muka ci. Matata Maimuna ta ce gishirin ma ya kusa ƙarewa.

Laraba, bayan azahar.

Rabon farko. Kafin a kwance buhu Malam Haruna ya rufe ido ya yi addu'a da sunan Isa Almasihu. Mata suka tsaya da ƙorai a ka suna jira ya ƙare. Makon jiya wasu na cewa wanda ya ci dawar mishan addininsa ya tafi. Liman ya ce shi bai ga inda aka rubuta hakan ba, kuma matarsa ce ta uku a layi.

Rigima ɗaya aka yi. Uwargidan mai gari ta zo ta wuce gaba yadda ta saba a bakin rijiya. Malam Haruna ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya kira ta Inna, sannan ya raka ta da kansa zuwa bayan matar Inusa mahauci. Ya ce su a wurinsu wanda ya riga zuwa shi ne babba. Matar Inusa ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi ta ja da baya tana ba da wuri, shi kuma yana mai da ita. Na yi dariya a ciki. Daga baya na tuna ni ba a layin nake ba, dariyar ta koma.

Illo, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin bakinsa ya huta a kaina ba, ya zo ya tsuguna kusa da buhu. Wai dubi marowaci, an ba shi dawar wasu yana rabo yana hura hanci, tasa kuwa tana can tana tsufa har ta yi jikoki. Mata suka yi dariya. Na rama, na ce ya matsa kada warin talaucinsa ya shiga dawa. Aka ƙara dariya. Na iya wannan wasan, shekara sittin ina yin sa.

Laraba dai, magariba.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba komai a rumbun. Ya ƙare tun kafin Babbar Sallah, dami bayan dami, ga masu sallama da sassafe suna kallon ƙasa. Shekara uku sama ba ta biya ba, ni kuwa ban iya cewa babu ba. Da ya ƙare na kwaɓa laka na sake liƙe bakin. Ni da matata Maimuna kaɗai muka sani. Ɓera ma ya sani, ya tashi.

Alhamis, hantsi.

Jiya da na tuɓe babbar riga, Maimuna ta shimfiɗa faifai ta kakkaɓe ta a kai. Daga aljihun gaba da ninkin kafaɗa, dawar da ta fantsama wajen awo ta zubo, kusan cikin tafi. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ta niƙa ta dama wa Lami kunu.

Lami jikata ce, ɗiyar Ado. An yaye ta da kaka. Ado ya tafi cin rani Nijeriya tun bayan girbin da ba a yi ba, har yau ba saƙo. Ya bar mana matarsa Ɗelu da yarinyar.

Asabar, la'asar.

Rabo. Na sa rigar nan mai faɗin aljihu. Zafi ake kamar a gasa mutum, Malam Haruna ya ce Baba Sarki ka tuɓe mana ka sha iska. Na ce Sarkin Noma ba ya fita ba riga.

Lahadi, hantsi.

Yau ba aiki, ranar ibadarsu ce. Ina jin su daga rumfa, su biyu da direba, suna waƙa da Hausa. Muryar Malama kamar ana jan ƙofar kwano, amma da gaske take yi.

Ɗelu ta wuni a tabki tana tonon bado. Ruwan ya ja da baya ƙwarai, sai an yi tafiya cikin busasshen taɓo kafin a kai gare shi, kuma duk matan gari can suke. Ta dawo da ɗan abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta ce wa mata wai marmari take yi. Maimuna ce ta koya mata faɗin haka. Ni ban koya wa kowa komai ba. Zama kawai na yi a zaure.

Talata, azahar.

Malama ta biyo ta ƙofar gidana tana zagayen duba yara. Ta ga Lami a bayan Ɗelu, ta tsaya. Ta taɓa gashin, wanda ya yi ja ya yi laushi, ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai tashi ba. Da Hausarta mai tafiya da sanda ta ce a kawo yarinya tabarma, ita ba ta tambayar rumbun kowa in yaro ne.

Na ce haƙori ne take fitarwa, duk 'ya'yan gidan nan haka suke yi. Ta dube ni ta daɗe. Ta ce to, tabarma tana nan.

Tabarmar a fili take, gefen layi. Duk macen da ta zo awo tana ganin ɗan wa ke kwance. In aka ga jikar Sarkin Noma a can, ba sai an hau tsani an leƙa rumbu ba.

Na ce wa Maimuna a bari tukuna.

Laraba, bayan la'asar.

Rabo. Na lura hannuna ya koyi wani abu da ban koya masa ba. In na ɗebo tiya daga buhu, sai ya bi da ita ta kan ƙirjina kafin ya kai ƙwarya, ya ɗan karkata. Kaɗan ne. Ba wanda zai ce an rage masa.

Wata tsohuwa daga wajen ƙauyen Sarkin Yamma, da na juye mata, ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a mai tsawo, wai Allah ya ƙara cika rumbun da ke ciyar da bayinsa. Na ce amin. Me zan ce?

Faifan Maimuna ya fi na wancan makon nauyi. Wannan karon ta dube ni.

Alhamis.

Ban fita ba.

Juma'a, bayan masallaci.

An ce soja sun karɓi mulki a Yamai, babban birninmu, tun kwanakin baya, an ce za su buɗe ma'ajiyar gwamnati. A masallaci kowa na faɗin nasa. Illo ya ce shi bai damu da ma'ajiyar Yamai ba, akwai wadda ta fi kusa, in sojan suna da hankali su fara da bayan gidana. Sahu ya ɗauki dariya.

Da aka watse Malam Haruna ya same mu a inuwar masallaci, ya tsaya daga waje da takalmansa a hannu, yana da ladabi yaron. Ya ce manyansu za su aiko da irin shuka, amma kaɗan ne, ba zai ishi ko'ina ba, yana so ya san inda aka fi matsuwa. Mai gari ya ce unguwarmu kada a damu da ita, tun kakanni Sarkin Noma ke ba da iri, a kai wa ƙauyukan da ba su da kowa. Dattawa suka ce haka ne. Malam Haruna ya juyo ya ce, Baba Sarki, haka ne?

Na gyara rawani. Aka ɗauka na amsa.

Asabar, magariba.

Rabo. Lami ta ƙi kunun. Maimuna ta ɗura mata, ya dawo.

Litinin, hantsi.

Illo ya shigo zaure ba wasa a bakinsa, abin da ban saba gani ba. Ya zauna ya ce jiya ya sa an daka irin da ya rataye a ɗaka tun kaka, 'yan zangarnun da ya zaɓa da hannunsa. Yara sun kwana biyu ba su ƙoshi ba, dawar mishan ba ta kai su Laraba. Ya ce da ba don ya san rumbuna na nan ba da bai taɓa ba, gara su yi ta kuka. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, gidan Inusa ma sun ci nasu.

Sai wasan ya dawo masa. Ya ce in na ba shi iri mai ƙwari sai ya kai ƙarata wurin soja.

Na ce Allah ya kawo ruwan lafiya. Ya ce amin, ya tafi yana jan ƙafa.

Na zaga baya na tsaya gindin rumbun. Na ƙwanƙwasa shi da sanda, ban san dalili ba. Ya amsa kamar ganga. Na waiga ko wani ya ji.

Talata, la'asar.

Gabas ta fara yin duhu da yamma, ta watse. Kowa na murna. Ni kaɗai ne a ƙasar nan manomin da ke tsoron ruwa.

Laraba, bayan sallar asuba.

Tun da aka kawo Ɗelu gidan nan ba ta taɓa yi mini magana ba in ba gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, fuska a kauce. In tana son abu sai ta faɗa wa Maimuna. Haka surukuta take, kuma yarinyar tana da kunya fiye da yadda ake bukata.

Yau na idar da salla ina kan buzu, sai ga ta a ƙofar zaure, a tsaye. Ba ta durƙusa ba.

Ta ce, "Baba, Lami ta bar kuka tun jiya."

Na ce ai sauƙi ke nan.

Ta ce, "Ba sauƙi ba ne, Baba. Ƙarfin ne babu. Ni ban san mi ke cikin rumbu ba, ban kuma tambaya ba. Ɗiyar ga kaɗai na sani."

Ta juya ta shiga. Na ji Maimuna tana ce mata wani abu a hankali, ba faɗa ba.

Zan tafi wurin rabo. Zan faɗa wa Malam Haruna. Na rubuta a nan don in na dawo ban faɗa ba takardar ta dube ni.

Laraba, magariba.

Ban faɗa ba da safe. Na buɗe baki sau biyu, na farko na tambaye shi lafiyar iyalinsa, na biyu na ce buhun nan yana da tsakuwa. Na yi ta awo har azahar ta wuce. Rigar ma na bar ta gida, na fita da 'yar shara, Illo ya ce ko an yi mini sata ne.

Wajen la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, na gaske. Iska ta ɗaga zanar rumfa ɗaya ta yi gaba da ita. Jiya ne kamyo ya sauke sabbin buhuna, ya koma da babban ƙyallen da ake rufe su. Malam Haruna ya rikice, yana gudu tsakanin buhu da buhu. Ya ce in dawar nan ta jiƙe ta ruɓe, abincin wata guda ne na gari. Zauren mai gari yana yoyo, ɗakunan mutane ƙanana ne, ga layi bai watse ba. Yana ta tambaya ina ne busasshen wuri mai girma.

Ban iya cewa ina jin yunwa ba. Bakina bai san hanyar ba. Amma bayarwa na iya.

Na ce, "A kai babban rumbuna. Zai ɗauke su duka."

Ya ce, "Baba Sarki, hatsinka fa? A kansa za mu zuba?"

Na ce, "Ba abin da za ku zuba a kansa."

Ban ɗaga murya ba, amma iskar ta ɗan tsaya a daidai lokacin, ko kuwa ni na ga kamar ta tsaya. Matan gaban layi sun ji. Illo ya ji.

Ni na hau tsani da kaina, da tsufana, na fasa lakar da gatari. Samari suka yi ta miƙo buhu. Wanda ya shiga ciki don ya karɓa, da ya yi magana muryarsa ta yi amo har waje, kowa ya ji faɗin wurin. Ba wanda ya ce uffan. Da sun zage ni da na fi jin daɗi. Aka mai da murfi aka ɗora jinka, ruwa ya sauko.

Ban jira ya ɗauke ba. Na shiga ɗakin Ɗelu, inda ban taɓa sa ƙafa ba, na ɗauki Lami. Ba ta fi kaza nauyi ba. Na kai ta ɗakin da aka sauki Malama, Ɗelu na biye da ni da faifai tana kare mata ruwa. Malama ba ta yi maganar haƙori ba. Ta karɓe ta kawai, ta ce wa Ɗelu ta zauna.

Alhamis, hantsi.

Ruwan shuka ne, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Ina jin unguwannin can sun fita gona. Tamu shiru.

Illo ya zo ya tsaya a ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, "Ɗan Baba." Rabon da ya kira ni da sunana tun ba mu yi aure ba. Ya ce da na faɗa masa ranar Litinin, ko kafin Litinin, da yanzu yana gona. Ya ce ba rashin hatsin ne ya dame shi ba, kowa ya rasa. Ya juya ya tafi.

Malam Haruna ya aika a tambayo ko sauran iri ya rage. An riga an kai ƙauyuka, yadda muka ce a yi. Na faɗa masa maganar riga da faifai, tunda an fara gara a gama. Ya ce shi ma da laifinsa, ya ɗora wa mai yunwa tiya bai tambaya ba, don ya ga rumbu da rawani. Na ce ya karɓi tiyarsa. Ya ce sai Asabar tukuna a ga abin da mutane za su ce.

Asabar, bayan azahar.

Mutane ba su ce komai ba, ni ma na riƙe tiya. Daga bakin rumbuna ake ɗebowa yanzu, layi ya bi ta bayan gidana har hanyar tabki.

Maimuna ta fito da ƙwarya. Shekara arba'in matan garin nan suna zuwa tsakar gidanta da tasu. Matar Inusa ta matsa za ta ba ta wuri, ta ce a'a, ta tafi can ƙarshe. Da ta iso gabana ta ajiye ƙwaryar, ta faɗi bakuna huɗu da ƙarfi yadda kowa ke faɗi. Sannan a hankali ta ce, "Malam, kar ka ƙara ko ƙwaya. Kar kuma ka rage don a gani."

Na auna mata daidai.

Lahadi, la'asar.

Lami ta riƙe madarar da ake ba ta da cokali. Malama ta ce kada a yi murna tukuna, amma kumburin ƙafar ya fara sauka. Ɗelu ta koma durƙusa mini. Na so in ce ta bari.

Ƙasa tana shan iska. In ba a shuka cikin kwanakin nan ba sai wani ruwan, in ya zo. An ce a Safo akwai wani Sarkin Noma, ƙanen bayana ne a shekaru, ya yi nasa dubun bayan nawa, gonarsa a fadama take, ya tsira da ɗan abu. Na taɓa cewa a bainar jama'a dammunansa ƙanana ne, dubunsa ɗari bakwai ce. Maganar ta kai masa.

Na je gidan Illo aron jaki. Ya kwance shi ya miƙo mini igiya, bai tambayi inda za ni ba.

Litinin, magariba.

Na je Safo. Na same shi a zaure da mutane cike. Na yi niyyar in jira su watse, na ga ba za su watse ba, ƙasa kuwa ba ta jira. Na tuɓe takalmi, na zauna ƙasa da tabarmarsa, na ce ni ne Ɗan Baba na Madarumfa, rumbuna ba komai, unguwata ta ci irinta saboda ni, na zo roƙo. Kalmar ta fita. Ban mutu ba.

Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya tashi da kansa ya zaga baya, aka ɗaura wa jakin dami uku na zaɓaɓɓen hatsi. Ba zai ishi unguwa ba, amma kowa zai sa wani abu a rami, Illo da Inusa ne farko.

Duk zaman da na yi, har ya raka ni bakin hanya, mutumin nan bai dubi fuskata ba ko sau ɗaya. Jakin yake ta kallo yana gyara igiya. Allah ya saka masa.